Kafin Ki Ba Su Aron Muryarki

Assalamu alaikum, Ummi.

Ina gaishe ki, ina kuma roƙon Allah Ya sauke ki Yamai lafiya, Ya tsare ki a sama da ƙasa, Ya haɗa ki da mutanen da za su ji tsoronsa a kanki. Na ba mamanki takardar nan ta saka miki a jakar hannu, na ce kada ta nuna miki sai za ku rabu a filin jirgi. Na zaɓi rubutu ne don na san halinmu. In muka zauna magana kina katse ni, ina katse ki, mu tashi kowa yana ganin shi ya yi nasara. A takarda ba ki da inda za ki katse ni.

Ga abin da na fahimta game da tafiyarki. Ɗan takararku, Dakta, ya zo na uku. Mutum biyu ne suka wuce zagaye na biyu, kuma a cikinsu babu mai kaiwa ga kujera sai da ƙuri'un mutanenku. Jam'iyya ta ce tana shawara kan wanda za ta mara wa baya. A wannan tsakanin aka kira ki, kika ɗauki hutu a wurin aikinki na Washington, za ki je ki taimaka wa ofishinsu na yaɗa labarai.

Ranar Lahadi ina zaune a baya a taron reshenku na nan Silver Spring, na ji duk abin da aka faɗa. Wasu na cewa a bi na gwamnati tunda shi ke da alamar ci, wasu na cewa da wace fuska, bayan zagin da aka gama yi masa. Aka yi ta yi har abinci ya huce. Sai shugaban reshe, Alhaji Mutari, ya miƙe da makullin tasinsa a hannu, ya hango ni ya ce, "Malam Lawali, 'yar nan taka ta fi ka Hausa, sai dai ka yi haƙuri. Ga Faransanci, ga Turanci. Mu kuwa ko kofi za mu saya sai mun haɗa da nuni." Aka yi dariya. Ya ce duk wanda jam'iyya ta zaɓa, ke za ki yi saƙon murya da Hausa, wanda zai shiga kowace waya a ƙasar. Kowa ya tafa. Kin ga ban tafa ba, kika tambaye ni a mota, na ce kaina ke ciwo. Kaina lafiya lau yake.

Ki fahimce ni tun farko: ban ce mara wa wani baya laifi ba ne. Don haka aka yi zagaye na biyu. Duk ƙasar da ke zaɓe irin namu, na uku da na huɗu sukan zauna su duba wanda ya fi kusa da su, ko wanda ya fi sauƙin sharri. Na karanta yadda ake yi a wurare da yawa, wasu da mutunci, wasu babu. Damuwata ba wanda za ku bi ba ce. Damuwata aikin da Alhaji Mutari ya ambata, don na taɓa yin sa.

Kin san na yi aikin jarida a Yamai kafin a haife ki, kin kuma san na bar shi na shiga wata jam'iyya. Jam'iyyar ta mutu tuni, ba sai na faɗi sunanta ba. Shugabanta kowa Maigida yake ce masa, haka zan kira shi a nan. Ranar da na je sallama da editana, bai yi mini faɗa ba. Ya ce in ajiye katin jarida a kan teburinsa, don daga yau ba tambaya zan riƙa yi ba, amsa zan riƙa bayarwa. Na ji haushi. Na ce masa ni ɗan jarida ne ko'ina na shiga, kuma daga ciki ne ake gyara. Ya ce to. Na yi shekaru ina gaya wa kaina haka, ina rubuta jawabin Maigida da irin kulawar da nake rubuta rahoto, ina ganin kulawar ce ta bambanta ni da 'yan roƙo. Ba ta bambanta ni ba, ta dai sa jawabin ya fi shiga kunne. Saboda haka ki san sunan aikin da aka kira ki ki yi. Ba a kira ki don ki ba da shawara ba. Akwai masu ba da shawara, sun fi ki shekaru da buƙata. An kira ki don mutane su yarda da abin da za a yanke.

Maigida ma na uku ya zo. Mun yi yaƙin neman zaɓe gaba ɗaya a kan shugaban da ke mulki, wanda gwamnatinsa ta kori malaman makaranta da ma'aikata masu katin jam'iyyarmu, ta kuma tsare wasu. Bayan an faɗi sakamako gidan Maigida ya zama kamar gidan makoki. Duka 'yan takarar biyu sun zo jaje, kowanne da ayarin motocinsa, a zauna a kan darduma, a yi addu'a, a ce mulki na Allah ne, a ɗauki hoto a bakin ƙofa. Sai aka kira wakilai daga jihohi don shawara. Suka zo a manyan motoci, wasu da tabarminsu. Aka kafa rumfa a tsakar gida, aka ba kowa dama ya yi magana. Na zauna a gaba ina saurare da zuciya ɗaya. Mafi yawansu abu guda suka ce: kowa ma, ban da mai mulki. Wani dattijo ya cire hula ya nuna tabon da aka yi masa a ka. Ina ta lissafa hujjoji a raina, ina shirya yadda zan rubuta su da kyau.

Abin da ban duba ba shi ne kujerun da babu kowa a kai. Magatakardan jam'iyya ba ya nan. Surukin Maigida, wanda bai taɓa rasa taro ba, shi ma ba ya nan. Wani wakili yana tsakiyar magana aka taɓa kafaɗata aka ce in shigo ciki. Na tarar da sanarwa an buga ta da Faransanci, an sa hannu. Mai mulki muka bi. Ina tsaye ina karantawa, ta taga ina jin wakilin nan yana ci gaba da bayanin dalilin da ya sa ba zai yiwu ba.

Ni da na yi shekaru ina koya wa sababbin 'yan jarida cewa labarin taro yana wurin wanda bai zo ba. In kin shiga taronsu, kafin ki saurari mai magana, ki duba wa ya kamata ya zo bai zo ba, ki tambaya yana ina. Kuma tun kafin a yanke, a gaban mutane ba a lungu ba, ki yi tambaya ɗaya: ban da kujerun minista, me aka samo wa waɗanda suka jefa ƙuri'a, kuma a ina aka rubuta shi? Za su ce ke yarinya ce, Amurka ta ɓata ki. Ki bari su ce. Yadda za su amsa zai gaya miki ko shawara ake yi ko jiran a gama buga takarda.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutu.

Al'adar ita ce magatakarda ya karanta sanarwar da Faransanci a gaban 'yan jarida. Gajeriya ce, busasshiya: jam'iyya, bisa la'akari da maslahar ƙasa, tana kira ga magoya bayanta su zaɓi wane. Babu alkawari a ciki, babu sharaɗi. Lauyoyi sun duba ta. Amma mutanen da ke da ƙuri'un ba da Faransanci suke jin magana ba. Dole wani ya shiga gidan rediyo ya faɗe ta da Hausa, wani da Zabarmanci, haka sauran harsuna. Maigida ya kira ni, ya dafa ni yana murmushi, ya ce, "Ɗan jarida, wannan ta Faransancin ta jakadu ce. Mutanenmu kai za su ji. Ka sa mata gishiri."

Da a ce fassara kawai na yi, da ban rubuto miki ba. Na dubi takardar na ga ba ta da rai, sai son gwaninta ya kama ni. A baranda na ji surukin Maigida yana gaya wa wani cewa an yi magana, za a mayar da malaman da aka kora, za a saki waɗanda aka tsare. Mutum ɗaya, a baranda, yana magana da wani ba ni ba. A jarida ko ɗan koyo ba zan bari ya kawo mini labari da majiya irin wannan ba. Amma na ɗauka na saka, don ina son ya zama gaskiya, don kuma ba ni da wani abin da zan gaya wa dattijon nan mai tabo. Na shiga ɗakin watsa labarai, na saki Faransancin, na yi magana irin ta gida. Na ce ni ɗanku ne, Lawali na Mirriya, kun san gidanmu. Na ce an yi mana alkawari. Na ce wallahi duk wanda aka kora zai koma bakin aikinsa. Da na fito, mai kula da na'ura ya ce bai taɓa jin sanarwar siyasa mai daɗin wannan ba. Na ji daɗin yabon. Har yau ina tuna yadda na ji daɗinsa.

Baba Habu, yayana, kin san shi tsoho mai shiru wanda ke ba ki dabino in kun je hutu. Ba haka yake ba a da. Shugaban makarantar firamare ne, yana cikin waɗanda aka kora, kuma shi ne ya shigar da jam'iyyar ƙauyukan da ke kewaye da garinmu a kan kekensa. Yana zaune wurin mai shayi aka sa sanarwar. Wani da yake wurin ya ba ni labari daga baya. Sai wani ya ce, "Malam Habu, wannan ba ƙanenka ba ne?" Ya ce, "Shi ne. Lawali ba ya rantsuwa a kan banza." Washegari ya fito da keken, ya sake bin ƙauyukan nan ɗaya bayan ɗaya, yana warware maganar da ya ɗaure da bakinsa. A wasu wuraren an zage shi. Ya ce su yi haƙuri, ƙanensa yana cikin ɗakin da aka yi maganar.

Mai mulki ya ci. Jam'iyya ta samu kujerunta, magatakarda ya zama minista, surukin ya zama jakada. Ba a mayar da malami ko ɗaya ba. Da 'yan jarida suka tambaya, sai aka ɗauko sanarwar aka ce a nuna inda aka yi alkawari. Gaskiyarsu ce, babu. A Faransanci babu wanda ya yi ƙarya. Ƙaryar da Hausa aka yi ta, da muryata, kuma Baba Habu ne ya kai ta gida gida. A kasuwar garinmu aka laƙaba masa suna Malam An-yi-alkawari. Ya daina zama majalisa. Bai sake koyarwa ba.

Kin san aikin da nake yi a nan, tafinta a asibitoci. Dokar aikin ɗaya ce: abin da likita ya faɗa shi za ka faɗa, ba ƙari, ba ragi. In ya ce ba shi da tabbas, ba ka da ikon cewa in sha Allahu za a warke don ka ga matar tana kuka. Sai da na tsufa, a ƙasar wasu, aka zaunar da ni a aji aka koya mini abin da na riga na sani. To ki riƙe wannan dokar. In sun ba ki sanarwa, ki faɗi abin da ke cikinta kamar yadda yake, da bushewarsa. In sun ce ba ta da daɗi, ki ce ba ke kika rubuta ba. In suna son alkawari ya fito da Hausa, su fara sa shi a Faransancin da aka sa wa hannu. In suna son rantsuwa, Dakta yana jin Hausa, ya rantse da bakinsa. Kada ki ce wallahi a madadin kowa. Kada ki faɗi garinmu, kada ki faɗi ko 'yar wane ce ke. Wannan ba naki ba ne ke kaɗai, da akwai masu zama a garin bayan kin hau jirgi.

Kuma naki ya fi nawa haɗari. Rediyo sau ɗaya yake wucewa, wanda bai ji ba sai a ba shi labari. Saƙon waya ajiye shi ake yi. Ranar da abin ya lalace za a tono shi a sake turawa, a sa shi a tasha, a sa shi a gidan suna, a turo wa mamanki.

Bayan zaɓen ban je gida ba. Na ce aiki ya yi yawa, na riƙa aika gaisuwa. Ina jira ne a mayar da malaman in je da labari mai daɗi a hannu. Sai da damina ta wuce, wata daminar ta zo, sannan na je. Baba Habu ya tarbe ni kamar kullum, ya sa aka yanka kaza, ya tambayi hanya, ya tambayi iyali. Na kwana biyu ina jiran faɗa, bai yi ba. Na shirya bayani mai tsawo a kan maslahar ƙasa, ban samu ƙofar shigar da shi ba. Sai da ya rako ni tasha, an ɗora kayana, sannan ya ce, "Lawali, wanda ya gaya maka maganar nan, ya rantse maka?"

Na ce, "A'a, Yaya."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Ashe kai kaɗai ka rantse." Ya ce in gaida gida.

Bai sake tayar da maganar ba, kuma bai sake tambayata ra'ayi a kan komai ba. Muna waya kowace Juma'a. Ya tambayi sanyi, in tambayi ƙafarsa. Ke kina ganin haka 'yan'uwa tsofaffi suke hira. A da mukan kai la'asar muna gardama a kan littafi ɗaya.

In har kin yi kuskure irin nawa, kada ki jira ki samu labari mai daɗi kafin ki je wurin mutanen. Ki je a makon, da bakinki, tun suna da fushin da za su sauke miki. Wanda ya zage ki bai gama da ke ba.

Akwai abin da ban taɓa ba ki labari ba don kina ƙarama lokacin. Maigida ya zo Washington bayan shekaru, ya riga ya bar siyasa, ana kiran sa dattijon ƙasa. 'Yan gida suka shirya masa liyafa a wani gidan abinci a nan unguwar, na je. Ya gane ni nan take, ya rungume ni, ya juya ga jama'a ya ce ga mutumin da ya kawo musu gabashin ƙasa da murya kawai. Aka tafa. Da muka zauna na ce masa Malam Habu yana gaishe shi, ko da yake bai aiko ni ba. Ya ce wane Habu. Na ce na Mirriya, mai keke, shugaban makaranta. Ya yi ɗan tunani, ya ce Allah sarki, Allah Ya jiƙansa. Na ce yana da rai. Ya ce to madalla, ya miƙa hannu ya ɗauki nama. Ba mugu ba ne, Ummi. Yana da fara'a, yana da kyauta, ya iya tuna fuska. Shi dai bai yi wa kowa alkawari ba, don haka babu abin da zai hana shi barci.

Na san abin da za ki ce, kin riga kin faɗa a kicin: Baba, zamaninku daban, Dakta ba Maigida ba ne. Mai yiwuwa. Na karanta jawabansa, akwai hankali a ciki, kuma na ga yadda kike tsayawa a tashar jirgin ƙasa da sanyin safiya kina amsa saƙonnin matasan gida kafin ki tafi aiki. Ban raina wannan ba, kuma ba zan hana ki tafiya ba. Ƙasarki ce, kina da haƙƙin ki gwada. Amma mutumin kirki ma in ya zo na uku, mutanen da suka bi shi da yunwa suna kewaye da shi, kowa da abin da yake jira. Zai iya sa hannu a takardar da ba ta ce komai ba da kyakkyawar niyya, sannan ya juyo ya dube ki da murmushi.

In ranar ta zo kika ce ba za ki ƙara ko kalma ɗaya ba, ga abin da zai faru, don kada ya zo miki ba shiri. Ba za a yi miki faɗa ba. Za a ce ba komai, an gode. Kafin la'asar an samu wani mai daɗin murya ya yi. Za a daina kiran ki taro, waɗanda kuke cin abinci tare za su riƙa amsa waya in kin shigo. A nan Alhaji Mutari zai ce 'yar Malam Lawali ta ba su kunya, wasu za su daina gaishe ni a masallaci. Kuma ƙin da kika yi ba zai canja sakamakon zaɓe ba ko da ƙuri'a ɗaya. Za ki dawo kina ganin kin yi tafiyar banza, kuma zai daɗe yana yi miki zafi. Na auna wannan zafin da wanda na sani. Ki dawo mini da shi, zan zo filin jirgi in ɗauke ki.

Allah Ya tsare ki daga sharrin mutane da daɗin bakinsu. Ya tsare harshenki, Ya ba ki ganin gaskiya da ƙarfin tsayawa a kanta. Ya ba ƙasarmu zaman lafiya kafin zaɓen nan da bayansa, Ya kai ki lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya. Mamanki ta ce ki riƙa cin abinci a kan lokaci, kuma ki kira ta da zarar kin sauka.

Wassalam.

Babanki,
Lawali